Manhaja Ta Matse Ni, Ta Ba Tulu Shagona

Jama'a, ku matso in ba ku labari, amma don Allah kada ku matso da yawa, don ni yanzu ko kalmar matsi na ji sai gabana ya faɗi.

Ranar da abin ya fara, daga layin mai na dawo, jarka a hannu, ko ɗigo babu a cikinta. Tun da sassafe nake tsaye a gidan man, sai da layi ya zo kaina mai zubawa ya rataye bututunsa ya ce a dawo gobe. Da fara'arsa kuwa ya faɗa, kamar mai yi mini albishir. Na taho ina tunanin ko janareta tana tashi da addu'a, sai na tarar da wata Hajiya a bakin shagona, ta sha ado, tana ta duba agogo. A gefenta ga mai babur yana jira.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai walda ne. Ina yin ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, amma abin da aka fi sanina da shi tsani ne. Dogo ake ce mini, kuma ba a yi mini ƙarya ba. In zan shiga shagona sai na sunkuya, alhali da hannuna na yi ƙofar.

Hajiya ta ce, "Kai ne yaron shagon?"

Na ce, "Ni ne mai shagon, Hajiya."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, aikin da ya ɗan ci mata lokaci, sannan ta ce, "To ko ma wane ne kai, na zo ɗaukar abin jera takalmana. Jiya na zaɓe shi a manhaja."

Na ce ni tun da nake ban taɓa yin abin jera takalma ba. Ta miƙo mini wayarta har tana neman tsokane mini ido. Na duba. Ga sunan shagona, ga lambata, ga kuma wani ɗan gajeren abu mai faɗi, hawa-hawa, wanda in ka ajiye shi a bakin ɗaki zai ɗauki takalman gida duka har da na baƙi. Na ƙura masa ido, sai na ga fentin da na sani. Tsanina ne. Ba ma kowanne ba, babban, wanda ake hawa da shi a duba tankin ruwa a saman bene.

Na shiga na jawo shi waje. Ina ja yana fitowa, ina ja yana fitowa. Mai babur ya kalli tsanin, ya kalli babur ɗinsa, ya tayar ya yi gaba ko sallama babu.

Hajiya ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, takalma nawa kake zaton ina da su?"

Na ce, "Hajiya, ai in an jingina shi da bango, takalman fita unguwa sai a sa su can sama."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce mayaudara sun cika gari, ta tafi a ƙasa tana danna waya, na san kuma ba yabona take rubutawa ba.

To bari in koma baya kaɗan, don ku san inda muka samo wannan alheri. Akwai hukumar da ke kula da shagunan layinmu. Ba zan kira sunanta ba, don sunan ya fi tsanin nan tsawo. Kwanakin baya ta tara mu a fili, aka kafa rumfuna, aka jera kujeru masu laushi a inuwa, mu kuma aka jera mu a rana. Sai da muka gasu ciki da waje, sannan Mai Girma Shugaba, Garkuwar Ƙananan 'Yan Kasuwa, Inuwar Masu Neman Na Kansu, ya iso da jerin motocin da suka shanye man da nake nema. Ya ce daga yau talauci ya ƙare. An yi mana manhaja, kowa zai ɗora hoton kayansa a waya, duniya duka ta gani ta saya. Ya ce kuma za a raba mana wayoyi kyauta. Wayoyin nan an raba su, don da kunnena na ji a rediyo cewa mun karɓa har mun yi godiya.

Sharaɗin ɗaya ne. Kowane mai shago sai ya ɗora hotonsa a tsaye a gaban shagonsa, daga kai har ƙafa. Wannan hoton shi ne izinin zamanka. Ba hoto, ba shago.

Maƙwabcina ne ya ɗauke ni. Mai faci ne, shagonsa na jikin nawa, muna ce masa Tulu, saboda Allah ya yi shi gajere, ya kuma yi masa albarka ta gefe da gefe. Shekara da shekaru muna tare, shayi ɗaya muke rabawa, faɗanmu ba ya kwana. Da zai ɗauke ni sai ya miƙar da wayar a tsaye, ya ja da baya har ya kusa faɗawa kwata, don in samu in shiga gaba ɗaya. Ni kuma da zan ɗauke shi sai ya ce in kwantar da wayar, don tayoyinsa duka su fito, mutane su san ba ƙaramin mai faci ba ne. Muka ɗora, har da hotunan kayanmu. Manhaja ta rubuta mana, "Ana gyara hotonka," wani ɗan zobe yana ta juyawa. Na ji daɗi a raina. Na ɗauka gyaran da ake nufi irin na masu ɗaukar hoto ne, a goge maka ƙuraje a ƙara maka haske.

Ban sake buɗe ta ba, kuma ina da dalili. Duk wanda zai shiga manhajar nan sai ya fara gaisawa da hoton Mai Girma Shugaba. Shi hotonsa ba a taɓa shi ba, yana nan da nauyinsa yadda aka ɗauke shi. A hankali yake saukowa, daga hula. Ka zauna ka ga hula, ka ga goshi, in sabis ya yi maka kirki ka ga gira, sai data ta ƙare. A layinmu babu wanda bai haddace zanen hular nan ba. Akwai wanda ya taɓa kai wa ga hanci, ya ce har ramukan fatar ana gani, muka taru muna yi masa barka.

Bayan tafiyar Hajiya na sayi data, na yi haƙuri da hula, na shiga. Nan na gane gyaran. Ashe manhajar akwati ɗaya gare ta, tsawonsa da faɗinsa daidai, kuma kowane hoto dole ya shiga cikinsa ko yana so ko ba ya so. In hoton dogo ne, sai ta danne shi daga sama kamar mai cusa kaya a buhu. In mai faɗi ne, sai ta matse shi ta gefe. Bayan nan sai ta rage masa nauyi, ta yi ta ragewa har fuskar mutum ta koma kamar ana hangensa ta gilashin da ya sha tururi. Ƙofar da na ɓata lokaci ina yi mata furanni na ƙarfe ta koma kamar tabarmar da ruwa ya daka. Gadon manya ya koma na jarirai.

Sai na duba nawa hoton.

Wani mutum na gani, gajere, faffaɗa, kumatu sun sauko sun zauna a kafaɗa, wuya kuwa babu labarinsa. Yana tsaye a gaban shagona yana murmushi kamar shi ya gina.

Da na koma gida na nuna wa uwar yara, don in samu mai taya ni baƙin ciki. Tana tsakiyar wanke-wanke. Ta goge hannu ta karɓa, ta kalla, ta kalle ni, sai ta zauna a kan turmi tana dariya har da hawaye.

Ta ce, "Baban yara, shekara nawa ina ɗura maka abinci ban ga inda yake zuwa ba. Ashe hukuma ce za ta fitar da ni kunya. Turo mini shi in aika wa yayata, ta daina cewa ina barinka da yunwa."

Na ce, "Wannan ba abin dariya ba ne."

Ta ce, "To ni dai in za a ba ni zaɓi, wannan na cikin wayar ya fi kama da mai rufin asiri."

Ta aika kuwa. Kafin in gama cin abinci kawuna ya bugo waya daga ƙauye, yana cewa ya ga yadda Allah ya buɗa mini, ya kuma ga yadda na ɓoye wa dangi. Na rantse masa har yanzu ƙasusuwana ana ƙirga su ta cikin riga. Ya ce hoto ba ya ƙarya.

Washegari na tarar da Tulu a bakin shagonsa ya tara mutane yana nuna musu waya, baki har kunne. Shi da yake a kwance aka ɗauki nasa, ta gefe aka matse shi. Ya fito siriri, dogo, kamar sandar rake. Tayoyinsa kuwa duk sun koma ƙwai.

Ya ce, "Dogo, zo ka ga ikon Allah. Tun ina yaro nake roƙon tsawo, ashe ta hannun hukuma za a amsa mini."

Na ce, "Tayoyinka fa?"

Ya ce, "Wannan ƙaramar matsala ce. Wata mata ce kawai ta bugo tana tambayar wace irin kaza ce ke yin baƙin ƙwai."

Da a nan abin ya tsaya, da mun yi dariyarmu mun wuce. Sai ga Sufeto.

Sufeto shi ne jami'in da ke zagaya shaguna yana duba izini. Yana da wani tsohon babur mai tari kamar tsohon da ya sha taba, da jakar kwaɗuna a rataye a baya. Mutumin nan ya san ni farin sani. Ni na yi masa ƙofar gidansa. Amma ranar ya zo da sabuwar waya, hala cikin waɗanda aka raba mana ce, ya tsaya a gabana ya ɗaga ta, ya dubi hoto, ya ɗaga kai ya dube ni.

Ya ce, "Ina mai shagon?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ni."

Ya ce, "Ba kai ba ne a nan."

Na ce, "Yallaɓai, ni ne. Matse ni aka yi."

Ya ce, "Ni ba a aiko ni in saurari tarihi ba. An ce in duba hoto in duba mutum." Yana cikin magana sai idonsa ya faɗa kan Tulu, wanda ya leƙo da tif ɗin taya a hannu don ya ji gulma. Sufeto ya dubi waya, ya dubi Tulu, fuskarsa ta washe. "Yauwa! Ga mai shagon nan. Malam, me ya sa ka bar baƙo a shagonka?"

Tulu ya waiga bayansa ya ga ko da wani ake. Sufeto ya matsa shagon faci, ya buɗe hoton can, ya ga dogon mutum siriri a tsakiyar ƙwai, ya juyo ya nuna ni da waya. "Kai kuma ga naka shagon nan. Kun ga, ashe musanya kuka yi. Wannan laifi ne babba, amma tun da yau ne farko zan yi muku afuwa. Kowa ya koma inda manhaja ta ajiye shi. In na dawo na tarar da saɓanin haka, kwaɗo zan sa wa shagunan duka biyu."

Ya girgiza jakar kwaɗunan don mu ji ƙararsu.

Jama'a, ina wasa da komai amma ban da kwaɗo. Shagon nan shi ne cinmu, shi ne makarantar yara, shi ne maganin mahaifiyata. In aka rufe shi, buɗewa sai wanda ya san wani wanda ya san wani, ni kuwa duk wanda na sani a layin mai muka haɗu. Saboda haka na ɗauki ƙafa na tafi shagon faci na zauna a kan taya. Tulu kuma ya shiga nawa, ya hau kujerata, ƙafafunsa na lilo ba su taɓa ƙasa ba, ya ɗaga murya ya ce, "Kai mai faci, in ka ga mai shayi ka turo mini shi."

Na ce a raina wannan magana sai ofis.

Ofishin hukumar bene ne mai kyau, an shafe shi da gilashi, janareta uku suna ruri a bayansa, sanyi na busowa tun daga bakin ƙofa. Aka nuna mini ɗakin Babban Darakta Mai Kula da Tsawo da Faɗi. Na zauna a benci ina kallon masu shiga da faranti a rufe suna fitowa da shi a buɗe, har dai Allah ya sa aka ce in shiga.

Darakta mutum ne mai kirki, ba zan ci amanarsa ba. Ya bar ni na yi bayani har ƙarshe, yana gyaɗa kai yana sakace. Sannan ya gyara zama ya ce, "Malam, ka san nauyin hoto ɗaya da wayoyin zamani ke ɗauka? In muka bar kowa ya ɗora hotonsa yadda yake, rumbun ajiyarmu zai cika, datarku ta ƙare, mai saye ya tsufa yana jiran hoto ya buɗe. Don amfaninku muke rage musu nauyi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan gaskiya ne, na kuma gode. A rage nauyi, ni ma ba na son mai saye ya tsufa. Amma tsawon nawa fa? Shi me ya yi?"

Ya ce, "Daidaito ke nan. A gaban hukuma babu dogo babu gajere, kowa akwati ɗaya."

Na ce, "To hoton Mai Girma fa, na ga shi ba a..."

Ya ɗaga hannu. "Kana so a matse Mai Girma?"

Na ce Allah ya tsare ni, ya tsare zuriyata.

Ya ce to in faɗi lambar shagona a duba. Na faɗa. Ya danna kwamfuta, ya dubi allo, ya dube ni, sai fuskarsa ta canza. Ya ce a ƙa'ida mai shago ne kaɗai ke da ikon kawo ƙorafi, ni kuwa ba ni ne a hoton ba. In je in turo mai shagon da kansa.

Na koma na lallaɓi Tulu. Sai da na yi masa alkawarin gyara masa ƙafar bencinsa sannan ya yarda. Muka dawo tare, na koya masa abin da zai faɗa tun a hanya. Ya tsaya a gaban Darakta, kansa da ƙyar ya wuce teburin, ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne Dogo mai walda. Na zo ƙorafi ne, manhaja ta mayar da ni gajere."

Darakta ya dubi allo, ya dubi Tulu, ya sake duban allo. Sai ya miƙe tsaye don murna, ya kira mataimakansa su zo su gani. Ya ce, "Ku duba nan! Kamar an tsaga kara. Har kumatun. Kuma a ce wai manhajarmu ba ta aiki!" Suka taru suna tafi. Aka ɗauki Tulu hoto da Darakta suna musabaha, aka ce za a sa a rahoton nasarori. Aka ba shi lemo mai sanyi. Ni da nake tsaye a bakin ƙofa aka ce direba ya jira a waje.

A hanyar dawowa Tulu yana tsotsar lemonsa ya ce, "Gaskiya mutanen nan suna da karamci. Kai ne dai ba ka iya zama da manya ba."

Haka muka koma zaman kasa kunne. Kowa na aikinsa a shagonsa, amma da mun jiyo tarin babur ɗin Sufeto daga kan kwana, sai mu watsar da abin da ke hannunmu mu yi musanya a guje. Ni in tsallake tayoyi in zauna in rungumi famfo, shi ya mirgina ya haye kujerata ya ɗora baƙin gilashin walda a goshi. Sau da yawa ba ma Sufeton ba ne, injin markaɗe ne aka tayar a bayan layi. Masu kawo aiki suka fara yi mana kallon waɗanda ke buƙatar addu'a.

Rannan da hantsi sai ga Sufeto, ba tari ba ƙara, yana turo babur da hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Don ma Allah ya sa Tulu ya hango shi, muka yi musanya a kan lokaci. Tayar baya ta yi faci, salansa kuma ta karye tana jan ƙasa.

Ya jingine babur ɗin a tsakanin shagunanmu, ya share goshi, ya waiga hagu da dama. Sannan ya rage murya ya ce, "Dogo, Tulu, ku ji. Ina da taro a ofis, Mai Girma zai zo. Kowa ya koma sana'arsa na ɗan lokaci, ku gyara mini, ba wanda zai ji."

Na dafa ƙirji na ce, "Dogo? Ranka ya daɗe, wa kake kira Dogo? Ni mai faci ne. Duba wayarka."

Ya ce, "Haba, ai mun san juna."

Tulu ya sauko da baƙin gilashi kan idonsa ya ce, "Yallaɓai, so kake mu karya doka a gaban hukuma? Mu da aka yi wa afuwa sau ɗaya?"

Sufeto ya dubi agogo, ya dubi titi. Babu wani mai faci kusa, babu wani mai walda. Ya ce to mu yi yadda za mu yi.

Na tuɓe tayar da ƙyar, na zaro tif na tsoma a bahon ruwa kamar yadda nake ganin Tulu na yi. Kumfa ta taso ta wuri ɗaya. Kafin in gama murna, ƙarfen da na zaro tif ɗin da shi ashe ya ƙara masa ƙofofi biyu. Na shafa gam ko'ina, na manna faci a kan faci, har tif ɗin ya koma kamar wandon makaniki. Tulu yana hango ni daga shagona yana cije leɓe, don shi mai kishin sana'arsa ne, amma ya daure.

Shi kuma ina ta addu'ar kada a kawo wuta, don ban san abin da zai aikata ba. Wutar da rabonmu da ita har mun manta kalar ƙwan lantarkin shagon, sai ta zaɓi wannan lokacin ta dawo. Tulu ya kama abin walda da hannu biyu kamar mai riƙe maciji. Tartsatsin farko ya yi salati ya ja da baya. Na biyu ya rufe ido gaba ɗaya, a cikin baƙin gilashin, ya yi ta dannawa. Da hayaƙi ya lafa, salansa ta kamu, kamuwa ta har abada. Illa dai bakinta sama yake kallo.

Na ba tayar iska har ta yi tauri kamar dutse. Sufeto ya hau ya tayar. Hayaƙin farko ya shige ta ƙasan babbar rigarsa ya fito ta wuya. Ya tafi rigar na kumbura kamar tantin da iska ta samu, yana tari babur na tari. Muka tsaya a bakin titi muna ɗaga masa hannu. Ya sha kwana, muka daina ganinsa. Sai muka ji ƙara, fam! Tsuntsayen da ke kan wayar lantarki suka watse.

Tulu ya cire gilashi ya ce, "Iskar ta yi yawa."

Na ce, "Salansar ma ta yi sama."

Ya ce, "Allah ya sa dai ya samu taron."

Bai samu ba. An ce ya isa ana tashi, fuska baƙa ƙirin, yana warin hayaƙi, Mai Girma ya tambaya ko gobara aka yi a layinmu. Kuma ku ji ikon Allah: kukan da masu shaguna suka yi ta yi ba a ji ba, tayar Sufeto ɗaya ta isar da shi har sama. Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya tafi ƙasar waje ya ga yadda hotuna ke zama a can, ya dawo da manyan akwatuna. Aka sake kafa rumfuna, aka sake jera mu a rana, aka yanke ƙyalle, aka ce an ji kokenmu. Daga yau manhaja ba za ta ƙara matse kowa ba.

Kuma sun cika alkawari, a ba su abinsu. Yanzu ba ta matsewa. Yankewa take yi. Akwatin yana nan yadda yake, sai dai ta ɗauki tsakiyar hoto, abin da ya yi saura ta zubar.

Tulu da yake a gefen hotonsa ya tsaya don tayoyi su samu wuri, an zubar da shi gaba ɗaya. Abin da ya rage a tsakiya wata tsohuwar tayar tirela ce, ita ce yanzu mai shagon a hukumance. Sufeto in ya zo ita yake dubawa, ya ga tana nan, ya wuce. An kawo wa Tulu ciniki a kanta ya ce ko za a kashe shi ba zai sayar da maigidansa ba.

Ni kuwa an dawo mini da siririn jikina, alhamdu lillahi, daga ƙirji zuwa gwiwa. Kai babu, ƙafa babu. Sufeto ya zo, a ƙasa, ya dubi waya ya dube ni, ya ce fuska dai babu, amma ga riga. Wata tsohuwar rigar aiki ce shuɗiya, tartsatsi ya huda ta ko'ina. Ya ce muddin hujojin rigar jikina sun yi daidai da na hoton, ni ne mai shago. Ranar rigar na gida. Na ce ya jira ni, na zuba da gudu.

Na tarar da uwar yara a tsakar gida, rigar a hannu ɗaya, almakashi a ɗaya, za ta yi tsumman goge tukwane da ita.

Na yi ihu, "Ajiye! Izinina ne!"

Ta ce, "Wannan tsumman?"

Na ce, "Wannan tsumman shi ne mijinki a wurin hukuma."

Ta miƙo mini da yatsu biyu, ta ce to ita da wa za ta riƙa yi wa girki, ni ko rigar.

Yanzu haka kullum ita nake sawa. Ba a wanke ta da ƙarfi, kada huji ya ƙara faɗi. In zan yi walda sai na ɗora buhu a kanta, don tartsatsi ɗaya in ya sauka inda bai kamata ba, na zama ɗan damfara a shagona. Masu wucewa suna ganin dogon mutum cikin buhu yana walda, wasu har sadaka suke ajiye mini.

Na tambayi Sufeto yaushe za a dawo mini da kaina. Ya ce ya kai maganar ofis, an zauna an duba, an ga a wannan tsarin ba a buƙatar kai. Ban yi masa musu ba. Su suka fi kowa sani, sun daɗe suna aiki a haka.